Tarihin Kwaikwayon Motsin Ruwa a Kwamfuta: Daga Allon Lissafi Zuwa Majigi da Magudanar Nima

Gabatarwa

A cikin abubuwan da masu zanen kwamfuta suka sha wuya kafin su iya kwaikwaya, babu kamar ruwa. Dutse da kujera da mota suna da tsayayyar siffa. In an auna su sau ɗaya an gama. Ruwa kuwa ba shi da siffar kansa sai ta mazubin da ya tarar. Yana rabuwa ya koma ya haɗe, yana fantsama ya zama ɗigo, yana kumfa, haske kuma in ya ratsa shi sai ya karkace. Ga shi kowane ɗan Adam ya san shi tun yana goye, don haka ido ba ya yafe kuskure a kansa. Ɗan kallo zai yarda da dodon fim duk yadda aka zana shi, domin bai taɓa ganin dodo ba. Amma yaron da ke ɗebo ruwa a famfo kullum zai gane nan take idan ruwan majigi ya yi kauri kamar kunu.

Wannan muƙala ta bi diddigin yadda aka koya wa kwamfuta tafiyar ruwa. Tarihin ya nuna cewa fannin tushe ɗaya ne mai rassa biyu: reshen masu fim, wanda burinsa gamsar da ido, da reshen injiniyoyi, wanda burinsa faɗin inda ruwa zai kai. An ɗauki unguwannin zango na birnin Accra a ƙasar Gana, wato Nima da Maamobi da Kawukudi, a matsayin wurin da sanin wannan bambanci ya shafi rai da dukiya.

Ma'anar Fannin

Ruwan da ake gani a fim ɗin zamani yana bin matakai biyu. Na farko shi ne kwaikwayon motsi: kwamfuta ta lissafa inda kowane ɓangare na ruwan zai kasance bayan ɗan ƙanƙanin lokaci, sannan ta sake lissafawa, taki bayan taki. Abin da ke fitowa a nan lambobi ne zalla, babu launi, babu sheƙi. Na biyu shi ne fitar da hoto: a ɗauki lambobin nan a gina musu fuska, a lissafa yadda haske zai faɗa a kanta har ya iso idon mai kallo. Fim yana buƙatar hotuna 24 a kowace daƙiƙa, saboda haka ruwan minti ɗaya hotuna 1,440 ne, kowane da lissafinsa. Dabarun da ke aiki a kan ruwa su ne kuma ke aiki a kan hayaƙi da wuta da ƙura da laka, domin a wurin masu lissafi duk abu mai gudana dangi ɗaya ne.

Zamanin Alƙalami da Takarda

Wanda ya fara rubuta ƙa'idojin gudanar ruwa a tsarin lissafi shi ne Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan, a aikin da aka buga a 1757. Ya ɗauki dokar motsi ta Isaac Newton ya ɗora ta a kan kowane ɗan ɓangare na ruwa. Sai dai ruwan Euler ba shi da kauri ko kaɗan, ba ya goga da bango, ba ya goga da kansa. A 1822 wani injiniyan gadoji na Faransa, Claude-Louis Navier, ya ƙara wannan ɓangare na kauri, sannan George Gabriel Stokes na Jami'ar Cambridge ya kafa masa hujja mai ƙarfi a 1845. Shi ya sa ake kiran su ƙa'idojin Navier da Stokes.

Abin da suka ƙunsa bai da wuyar faɗi. Ruwa yana ɗauke da saurinsa duk inda ya nufa. Matsi yana tura shi daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci. Kauri yana rage masa gudu, nauyi yana jan sa ƙasa. Sai sharaɗi na ƙarshe: ruwa ba ya matsuwa, duk abin da ya shiga wuri dole kwatankwacinsa ya fita. Wuyar tana wajen warwarewa. In ban da 'yan misalai masu sauƙi, kamar ruwa mai bin miƙaƙƙen bututu a natse, alƙalami ba ya iya fitar da amsa. Har a shekarar 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay da ke Amurka ta sanya kyautar dala miliyan ɗaya ga wanda zai tabbatar ko ƙa'idojin nan suna da lafiyayyar amsa a kowane hali.

Da yake injiniyoyi ba za su zauna jiran masu lissafi ba, sai suka nemi sassauci. A 1871 Barré de Saint-Venant ya fitar da taƙaitaccen tsari domin koguna da magudanai, inda faɗi da tsawo suka fi zurfi nesa ba kusa ba. A wannan tsari ba a damu da abin da ke faruwa tsakanin saman ruwa da ƙasansa ba, zurfi da matsakaicin sauri kawai ake bi. A 1889 kuma Robert Manning na ƙasar Ayilan ya gabatar da hanyar auna yadda kaushin bango da na ƙasan magudana ke rage gudun ruwa. Waɗannan biyu su ne jarin masu hasashen ambaliya har yau.

Daga Ɗakin Mutum 64,000 Zuwa Los Alamos

Dabarar da ta buɗe ƙofa ita ce a daina neman amsa guda ta gaba ɗaya, a yanyanka wuri gida-gida kamar gurbin dara, a lissafa abin da ke shiga da fita tsakanin kowane gida da maƙwabtansa. Lewis Fry Richardson na Ingila ya gwada haka a kan iska, a littafin da ya buga a 1922. Ya shafe kimanin makonni shida yana lissafin hasashen yanayi na awa shida da hannu, amsar kuma ta fito ba daidai ba. Duk da haka ya ƙiyasta cewa da za a tara mutum 64,000 a ɗaki ɗaya, kowa da gidansa na dara, da sun iya riga yanayi gudu. Mafarkin bai tabbata ba sai a 1950, lokacin da kwamfutar ENIAC ta yi hasashen yanayi na farko a Amurka.

Ruwa mai fuska, wato wanda ke da iyaka tsakaninsa da iska, ya samu nasa rabo ne a cibiyar bincike ta Los Alamos, inda aka ƙera bom ɗin nukiliya na farko. A nan Francis Harlow ya jagoranci rukunin masana da ke nazarin yadda abubuwa ke gudana ƙarƙashin ƙarfin fashewa. A shekarun 1950 ya ƙirƙiro hanyar haɗa gidajen dara da ƙananan ƙwayoyi masu yawo a cikinsu. A 1965 shi da Eddie Welch suka buga dabarar da ta zama uwa ga mafi yawan ruwan fim na yau: a ajiye matsi a tsakiyar kowane gida, a ajiye sauri a bangwayensa, a watsa ƙwayoyi marasa nauyi su zama alamar inda ruwa yake. Cikin misalan da suka gwada har da fashewar madatsar ruwa. A 1977 wasu masana taurari, Leon Lucy a gefe guda, Robert Gingold da Joseph Monaghan a ɗaya gefen, suka zo da wata hanya da ta yi watsi da gidajen dara gaba ɗaya, ta ɗauki abu mai gudana a matsayin taron ƙwayoyi da ke tura juna. Taurari suka yi wa ita, amma daga baya ta zama hanyar zana fantsama da ɗigo.

Duk waɗannan masana gaskiyar lamba suke nema. Babu wanda ya damu da kyan gani a cikinsu.

Ruwa a Majigi Kafin Lissafi

A wancan lokaci masu fim da ruwan gaske suke aiki. Idan ana son nutsewar jirgi, sai a ƙera ƙaramin jirgi a sa a tafki, a ɗauki hoto da sauri domin in an haska ya fito a hankali. A fim ɗin The Ten Commandments na 1956 an nuna tsagewar teku ta hanyar kwararo ruwa cikin wani babban tafki, sannan aka juya fim ɗin ya yi baya. Matsalar ita ce ana iya ƙanƙanta jirgi amma ba a iya ƙanƙanta ɗigon ruwa. Ɗigo ɗaya a jikin ƙaramin jirgi sai ya fito kamar tulu, asiri ya tonu.

Masu zanen kwamfuta na farko su ma dabara suka yi, ba lissafin Navier da Stokes ba. A 1982 William Reeves ya zana wuta da dubban ƙwayoyi masu haske a fim ɗin Star Trek II. A 1986 aka fitar da hotunan igiyar teku ta hanyar lanƙwasa shimfiɗa da lissafin hawa da sauka. A 1989 kamfanin ILM ya yi wata halitta ta ruwa mai kama da maciji a fim ɗin The Abyss na James Cameron. Abin bai kai minti biyu a majigi ba, amma ya ci watanni ana aikinsa, kuma masu zane ne suka tsara motsinsa da hannu. A 1990 Michael Kass da Gavin Miller na kamfanin Apple suka ari tsarin ruwa marar zurfi, irin na Saint-Venant, suka sassauta shi har kwamfuta ta iya nuna ruwa yana malala yana cika kwari. Tekun da jirgi ke ratsawa a Titanic na 1997 kuwa an gina shi ne da ƙididdigar igiyoyi da masana teku suka tattara. Duk waɗannan hanyoyi suna da iyaka guda: ruwansu shimfiɗa ce mai hawa da sauka. Igiya ba ta iya naɗowa ta karye, ba a kuma iya tsiyaya shi a kofi.

Juyin Shekaru Goma: 1996 Zuwa 2005

A 1996 Nick Foster da Dimitris Metaxas na Jami'ar Pennsylvania suka tono aikin Harlow da Welch, bayan shekara 31 da buga shi, suka mayar da shi mai tsawo da faɗi da zurfi domin masu zane. Foster ya koma kamfanin PDI, inda aka yi amfani da tsarinsa wajen ambaliyar da ta cinye gidan tururuwa a fim ɗin Antz na 1998.

Sai dai akwai wani tarnaƙi da masana uku, Courant da Friedrichs da Lewy, suka bayyana tun 1928. A irin wannan lissafi, bai kamata ruwa ya tsallake fiye da gida ɗaya a taki ɗaya ba. In ya tsallake, kuskure zai riƙa ninkuwa har lambobi su haukace, hoto ya tarwatse. Don haka in ruwa na gudu da sauri, ko gidajen ƙanana ne, dole a riƙa taki ɗan mitsitsi, aiki ya ci kwanaki. Ga kuma tsadar gidajen kansu: akwati mai gida 100 a kowane gefe gida miliyan ɗaya ne, mai gida 1,000 kuwa biliyan ɗaya. Duk lokacin da aka raba girman gida biyu, yawan gidaje ya ninka sau 8, yawan taki ya ninka sau 2, aiki ya ninka sau 16.

Wanda ya kwance wannan tarnaƙi shi ne Jos Stam na kamfanin Alias|Wavefront, a muƙalar da ya gabatar a taron masu zanen kwamfuta na SIGGRAPH a 1999. Abin da ya yi juya tambaya ne, da wata dabara da masu hasashen yanayi suka riga suka sani. Maimakon a tambayi abin da ke cikin gida ina za shi, sai a tambayi gidan daga ina abin da zai cika shi ya taso. A bi sawu a koma baya zuwa wurin, a ɗauki matsakaicin lambobin gidajen da ke kewaye. Tun da matsakaici ba ya taɓa fin mafi girman lambobin da aka haɗa, lissafi ba zai haukace ba komai girman taki. Da wannan aka samu hayaƙi da ruwa masu motsi nan take a kwamfutar tebur.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Yawan ɗaukar matsakaici yana shafe ƙananan juye-juye, ruwa ya yi sanyin jiki, ƙarfinsa ya riƙa zurarewa ba tare da dalili ba. A wurin injiniya wannan aibi ne da zai sa a yi watsi da sakamako. A wurin mai fim kuwa ciniki ne mai riba, domin gara lissafin da ya ɗan kauce amma ya kai ƙarshe da wanda zai tarwatse cikin dare bayan an kwana ana jira. A 2001 Ronald Fedkiw na Jami'ar Stanford da Stam da Henrik Wann Jensen suka ƙara wata dabara ta mayar wa hayaƙi juye-juyen da ya rasa, gwargwadon yadda mai zane ya ga ya yi masa kyau. A nan ne rassan biyu suka rabu sosai. Ma'aunin reshen fim ya zama yardar ido.

Daga nan ci gaba ya zo a jere. Fim ɗin The Perfect Storm na 2000 ya nuna haukan teku. Foster da Fedkiw suka inganta bin sawun fuskar ruwa a 2001, aikin da ya taɓa lakar da ke cikin Shrek. A 2002 Douglas Enright da Stephen Marschner da Fedkiw suka nuna ruwa yana tsiyaya cikin kofin gilashi yadda ido ba zai musa ba. A 2005 Yongning Zhu da Robert Bridson a Kanada suka sake komawa rumbun Los Alamos, suka ɗauko wata hanya ta 1986 mai suna FLIP, wadda ƙwayoyi ke ɗauke da sauri, gidajen dara kuma ke daidaita matsi. Ita ce ta rage zurarewar ƙarfi, ta kuma zama gatan masu ruwan fim. A 2008 hukumar da ke ba da kyautar Oscar ta karrama rukunoni da dama na masu wannan fasaha. Cikinsu akwai Nafees Bin Zafar, haifaffen Dhaka ta Bangaladash, ɗaya daga waɗanda suka gina manhajar ruwa ta kamfanin Digital Domain, kamfanin da ya nutsar da birnin New York a fim ɗin The Day After Tomorrow na 2004. Zuwa Moana na 2016 teku ya zama ɗan wasa mai hali da nufi, a Avatar: The Way of Water na 2022 kuma fitowa sama da 2,000 ce ta ƙunshi ruwan kwamfuta.

Fasahar ba ta tsaya a manyan kamfanoni ba. Manhajar Blender, wadda kyauta ce ga kowa tun 2002, ta samu sashen ruwa a 2005 ta hannun Nils Thürey, aka sabunta shi a 2020. Yau matashi mai kwamfutar cinya a Nima ko Kano yana da abin da Harlow bai samu ba.

Tufatar da Lambobi da Haske

Bayan an gama lissafin motsi, saura a mai da lambobi abin kallo. Da farko ana lulluɓe ƙwayoyin da fata ta ƙananan kusurwoyi uku-uku. Sananniyar hanyar yin haka William Lorensen da Harvey Cline ne suka buga ta a 1987. Sannan a bi sawun haske daga ido zuwa fuskar ruwa, dabarar da Turner Whitted ya nuna a 1980. A nan haske kan rabu biyu: wani ya dawo kamar daga madubi, wani ya shige ya karkace. Dokar wannan karkacewa tsohuwa ce, domin Ibn Sahl ya rubuta ta a Bagadaza wajen shekarar 984, ƙarnuka kafin Turawa su sake gano ta. Rabon da ke tsakanin biyun kuma ya danganta da inda aka tsaya. Mai leƙa rijiya daga sama kashi 2 cikin 100 na haske kawai ke dawo masa daga fuskar ruwan, shi ya sa yake hango ƙasan kwano. Mai hangen tafki daga nesa kuwa sararin sama yake gani a kwance a kai. Ruwa yana shanye jan haske kafin shuɗi, shi ya sa mai zurfi ke yin shuɗi. Kumfa da feshi da ƙananan balbali galibi daban ake ƙara su a kai, da miliyoyin ƙwayoyi.

Abin lura a nan shi ne matakin haske ba ya tambayar ko lambobin da aka ba shi gaskiya ne. Yana ƙawata ƙarya kamar yadda yake ƙawata gaskiya.

Reshen Injiniyoyi da Magudanar Nima

Birnin Accra, wanda fataken Hausawa suka daɗe suna kira Ankara, ba ya cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a gaɓar Afirka ta Yamma. Matsakaicin abin da yake samu a shekara bai kai milimita 1,000 ba. Duk da haka ya sha ambaliya, kamar ta 1995 da ta 2011. Dalili shi ne ruwan yakan zo da ƙarfi cikin 'yan sa'o'i, musamman a watan Yuni, ya tarar da ƙasa a rufe da kwano da siminti. Ruwan milimita 50 a kan fili mai murabba'in kilomita ɗaya tan 50,000 ne. In ƙasa ba ta sha ba, magudana ce za ta ɗauka.

Nima ta samo asali a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai fataucin shanu, ya samu fili daga iyalin Odoi Kwao na ƙabilar Ga. Baƙi daga arewacin Gana da Nijeriya da Nijar da sauran ƙasashe suka yi ta sauka, Hausa ta zama harshen kasuwa da na maƙwabtaka. Unguwar ta girma shekaru da dama ba tare da tsarin hukumar birni ba, gidaje suka cushe, lunguna suka ƙuntata. Babbar kwatar da ta ratso ta gefen Kawukudi ta raba Nima da Maamobi, wadda mazauna ke kira gota, tana gangarawa ne zuwa kogin Odaw a kusa da shataletalen Kwame Nkrumah. Odaw kuma ya taso daga tsaunukan Akwapim ya zuba a tafkin Korle, daga nan sai teku. A daren 3 ga Yuni, 2015 ruwa ya cika wannan yanki na shataletale, mutane suka fake a wani gidan mai, man da ya kwarara a saman ruwa ya kama wuta. Sama da mutum 150 suka rasu, Shugaba John Mahama ya ayyana makokin kwana uku.

Bayan wannan musiba, a 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin shirin GARID, mai nufin rage ambaliya a yankin kogin Odaw. Shirin ya ƙunshi yashe kogin, da gina wuraren tare ruwa a sama, da tsarin gargaɗin gaggawa, da gyaran wasu unguwanni, Nima na cikinsu. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da kwaikwayon motsin ruwa, domin babu wanda zai jira ambaliya ta zo kafin ya san faɗin kwatar da zai gina. Manhajojin da injiniyoyi ke amfani da su, kamar HEC-RAS ta rundunar injiniyoyin sojan Amurka, wadda ta fito a 1995 aka ƙara mata lissafin malala a fili a 2016, duk a kan tsarin Saint-Venant da ma'aunin Manning suka tsaya. Gidajen dara ne dai irin na Richardson, da sharaɗin nan na abin da ya shiga ya fita.

Bambancin yana wajen abin da ake bin kowane reshe bashi. Mai fim yana da izinin ƙara wa igiya tsawo, ya rage ƙarfin nauyi, ya share ruwan da kyamara ba ta gani. In ruwansa ya ragu da kashi goma babu mai tuhumarsa. Injiniya kuwa in ya ɓatar da kashi goma, to ya cire layin gidaje daga taswirar haɗari alhali ruwa zai shige su. Sakamakonsa kuma ba ya fin ingancin abin da aka ciyar da kwamfuta: tudu da kwarin ƙasa, yawan ruwan sama a kowace sa'a, faɗi da zurfin kowace kwata, tsayin teku a bakin tafkin Korle a daidai lokacin. Kwatar da ke takarda mai zurfin mita biyu, in yashi da leda sun cinye rabinta, kwamfuta ba za ta sani ba sai an faɗa mata. Lungun da aka toshe da sabon ɗaki bara ba ya cikin taswirar shekara biyar da ta wuce. Saboda haka ake gwada kowane lissafi da ambaliyar da ta riga ta auku, a duba ko tsayin da ya bayar ya yi daidai da tabon da ruwa ya bari a jikin bango. A wannan mataki dattijuwar da ta shekara 40 a bakin gota, da mai shagon da ya san ranar da ruwa ya kai masa gwiwa, shaidu ne da na'ura ba ta maye gurbinsu.

Rassan biyu sukan sake haɗuwa a majigin taron jama'a. Taswirar injiniya mai launuka ba kowa ke karanta ta ba, amma hoton ruwa yana hawa lungun da mutum ya sani, kowa zai fahimta. Wannan alheri ne in lambobin da ke ƙasa ingantattu ne. In kuwa ba haka ba, kyan hoton ne zai hana a yi tambaya, a rushe gidan da bai tare hanya ba, ko a bar wanda ke bakin halaka.

Kammalawa

Tarihin wannan fanni ya faro daga ƙa'idojin da aka rubuta tsakanin 1757 da 1845 ba tare da an iya warware su ba, ya bi ta hannun masu hasashen yanayi da masu binciken makamai, sannan masu fim suka karɓa suka sayar da wani yanki na daidaito domin su sayi sauri da kyan gani. Cinikin halal ne a majigi, domin ɗan kallo ya san labari ake ba shi. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma maganar ta yi aiki muddin ido ba ya ganin abin da bai faru ba. Yanzu da kwamfuta ke iya nuna ruwan da bai taɓa zuba ba, ɗalibin wannan fanni da mazaunin bakin magudana suna da tambayoyi uku da za su yi wa duk hoton ambaliya da aka haska musu: da wane awo aka gina shi, yaushe aka yi awon, kuma da wace ambaliya ta gaske aka gwada shi.